Faturar ruwa na hawa, tsakar gida na jiƙewa: in ɗinke bututun ko in sauya shi gaba ɗaya?

Abu Sumayya, Rusaifa, Makka

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin famfo. Gidanmu tsohon gini ne, mu 11 ne a ciki. Daga mitar ruwa, wato addad, da ke jikin katangar waje zuwa bakin tankin ƙasa tsawon ya kai mita 18. Bututun ƙarfe ne irin na da, inci ɗaya, ya bi ta ƙarƙashin tayil ɗin tsakar gida, ya ratsa inda ake ajiye mota. A da abin da muke sha a wata bai wuce kubik 40 ba (kubik ɗaya lita 1,000 ce), yanzu wata uku ke nan fatura tana nuna 70 zuwa 75, alhali ba a ƙara ko mutum ɗaya a gidan ba. Kusa da gindin darbejiya tayil huɗu sun ɗan lotsa, farin gishiri ya fito a tsakaninsu, kuma duk ranar da ruwa ya zo wurin sai ya yi danshi.

Mai gyara na farko ya ce a fasa daidai wurin, a yanke inda ya ɓule, a sa mahaɗi. Na biyu ya ce a cire duka a sa koren bututun roban nan, PPR. Wanne ya fi? In sauyawa za a yi, wane iri ne, kuma zurfin nawa? Allah ya saka da alheri.

Malam Sani Sabbak, Jidda

Wa alaikumus salam, Abu Sumayya. Kada guduma ta taɓa tayil ko ɗaya tukuna. Danshi a wuri ba ya nufin nan ne hujin yake, domin ruwa yakan bi jikin bututu ko ƙarƙashin siminti ya yi tafiyar mita biyu ko uku kafin ya samu inda zai ɓullo. Kuma a gidajenmu na nan abu uku ne ke hura fatura: bututun da ke tsakanin addad da tanki, awwama (wato ƙwallon da ke rufe ruwa idan tanki ya cika), da tankin kansa idan ya tsage. Sai ka ware su ɗaya bayan ɗaya.

Gwajin bututun ba ya yiwuwa sai ranar da ruwa ya zo, don a sauran ranaku babu matsi a cikinsa. Ka jira ruwan ya yi kamar awa ɗaya da zuwa, iskar da ke cikin layi ta gama fita, tunda iska ma tana juya addad. Sannan ka rufe mahabas, wato bawul ɗin rufe ruwa, da ke bakin tanki, kafin awwama. Idan babu mahabas a wurin, ka ɗaure hannun awwama sama da waya har ruwan ya tsaya cak. Ka je gaban addad ka ɗauki hoton lambobin, har da jajayen da ke nuna lita, ka dawo bayan minti 30 ka sake ɗauka. In lamba ta motsa, ruwa yana fita a tsakanin addad da tanki, babu wata hanya. In ba ta motsa ba, bututun lafiya lau, ka koma kan tanki.

Shi kuma tanki, ka rufe ruwan da ke shiga, ka kashe dinamon da ke tura ruwa sama, ka tsoma sanda ka yi alama, ka bar shi awa 24. Mutanen gida su yi amfani da na tankin sama a ranar. Lissafinsa mai sauƙi ne: tankin da tsawonsa mita 4, faɗinsa mita 3, duk santimita ɗaya da ruwa ya sauka lita 120 ce ta tafi. Awwama kuma ka leƙa da fitila lokacin da tanki ya cika, ka gani ko ruwa yana ci gaba da tsiyaya ko ya kai har bakin murfi.

Dalilin da ya sa fatura take zafi haka shi ne kuɗin ruwa hawa-hawa ne. Kubik 15 na farko halala 10 ne kowanne (halala 100 ce riyal 1), na 16 zuwa 30 riyal 1, na 31 zuwa 45 riyal 3, na 46 zuwa 60 riyal 4, abin da ya haura 60 kuma riyal 6. Idan gidan a matsayin gida ɗaya yake a rajista, kubik 40 yana kamawa riyal 46 da rabi, kubik 75 kuwa riyal 211 da rabi, kafin a ɗora kuɗin magudana da haraji. Ruwan bai ninka biyu ba, kuɗin ya ninka huɗu da ɗoriya. Yoyon lita ɗaya a minti, wanda a ido ba komai ba ne, lita 1,440 ce a yini.

Ka yi gwajin ka dawo mana da lambobin.

Abu Sumayya, Rusaifa, Makka

Na gode Malam Sani. Na yi yadda ka ce. Da mahabas a rufe, addad ya ci lita 38 cikin minti 30. Tankin bai sauka ba ko kaɗan cikin awa 24, awwama ma tana rufewa sosai. Ruwa yana zuwa mana kamar kwana huɗu a mako.

Injiniya Ɗan Misfala

To, magana ta fito. Lita 38 a rabin awa lita 76 ce a awa, sama da lita 1,800 a duk ranar da ruwa ya wuni a layi. Ka ninka da kwana 17 a wata, ka samu wajen kubik 31. Kusan shi ne ƙarin da kake gani a fatura.

Shawarata a sauya shi duka, kuma ga dalili. Bututun ƙarfen nan tutiyar da aka lulluɓe shi da ita ce ke kare shi daga tsatsa. Inda aka yanka masa zare don ɗaurawa, tutiyar ta tafi kuma ƙarfen ya sirance, shi ya sa yawanci daga mahaɗi yake fara ɓulewa. Haka inda ƙarfe ya haɗu da mahabas na tagulla a cikin danshi, ƙarfen ne ke cinyewa. Idan ya ɓule a wuri ɗaya saboda tsufa, sauran jikinsa ma shekarunsu ɗaya, ƙasa ɗaya suka kwana a ciki. Da zarar an sa babban sifana an murɗa don a kwance ruɓaɓɓen, mahaɗin da ke gaba yana girgiza, tsatsar da ta toshe wani ƙaramin huji ta faɗo, bayan wata biyu a sake fasa tayil. Kuma in aka yanko guntun ka leƙa cikinsa: za ka ga tsatsa ta yi ƙuraje, ramin da ya kamata babban yatsa ya shige da ƙyar ƙaramin zai shiga. Wannan ne ke sa tanki ya ƙi cika kafin ruwa ya ɗauke, a koma kiran wayit, wato tankar ruwa.

Ɗinki yana da wurinsa: idan bututun roba ne mai lafiya, diga ko tushen bishiya ya ji masa ciwo a wuri ɗaya. Nan sai a yanke santimita 30, a sa sabon guntu da mahaɗi biyu. Naka ba wannan ba ne.

Abin da zan sa a ƙasa shi ne baƙin bututun roba mai shuɗin layi, HDPE, wanda aka buga wa PE100, PN16, SDR11 a jikinsa, mai faɗin milimita 32. Ka karanta rubutun da idonka kafin ka biya, domin akwai baƙin tiyo na ban ruwan gona da ya yi kama da shi, mai siririn jiki, wanda ba a yi shi don ruwan sha ko matsin layi ba. Babbar fa'idarsa a naɗe yake zuwa, mita 50 ko 100, ana kuma yanka maka gwargwadon buƙata. Ka ga daga addad har tanki guda ɗaya ne, babu mahaɗi ko ɗaya a binne. Abin da ba a haɗa ba ba ya kwancewa. Inda hanya ta karkata ba sai an sa gwiwa ba, lanƙwasa shi ake yi a hankali, amma kada baka ɗin ya matse, rabin faɗin zagayensa ya kai aƙalla santimita 80, in ba haka ba ya karye ciki ya toshe.

PN16 ɗin nan, wato jure matsin ruwa na bar 16, a ruwa mai sanyin digiri 20 aka auna shi. A digiri 30 ƙarfinsa yana komawa kashi 87 cikin ɗari, a digiri 40 kashi 74, wato wajen bar 12. Wanda ya san zafin Makka a watan Yuli ya san me ya sa ba na cewa a sayi PN10 don rage kuɗi.

Yanzu rami. A nan ba ƙanƙara muke gudu ba, zafi da nauyi muke gudu. A tsakar gida zurfin santimita 50 zuwa 60 ya isa, amma ƙarƙashin mota a kai 80, ko a zura shi cikin wani bututu mai kauri na inci biyu in dutse ya hana haƙa. Faɗi santimita 30. Ƙasar Makka dutse ce mai kaifi, kuma ɓaraguzan da aka haƙo su ne babban maƙiyin bututun roba: tsinin dutse ɗaya ya tokare shi, mota tana hawa tana sauka, ruwa yana zuwa yana ɗaukewa, shekara biyu ko uku ya huda shi. Don haka a shimfiɗa yashi mai laushi santimita 10 a ƙasa, a kwantar da bututu, a rufe da yashi santimita 15 a samansa. Na mita 18 yashi kubik ɗaya da rabi zai yi, ka sayi biyu. Bayan yashin sai a mayar da ƙasar da aka tsince duwatsunta, hawa-hawa, kowane hawa santimita 15 a yayyafa ruwa a daddage. A shimfiɗa shuɗin tef na gargaɗi kamar santimita 30 a saman bututun, don wanda zai haƙa wurin nan gaba. Rashin daddagewa ne ke sa sabon tayil ya lotsa a shekarar farko.

Abu ɗaya da masu gaggawa ke mantawa: wannan roba tana miƙewa da zafi, kusan milimita 0.2 a kowace mita a kowane digiri. Bututun da ya sha rana, aka ja shi ya miƙe sambal aka ɗaure da azahar, idan ya huce da digiri 25 zai ja baya da kusan santimita 9 a tsawon mita 18. Wannan jan ya isa ya zare shi daga mahaɗi. A kwantar da shi yana ɗan karkacewa kamar tafiyar maciji, a ɗaure bakunan kuma a rufe da sassafe.

Ba dole a tono tsohon ba. A yanke shi daga bakuna biyu, a toshe, a bar shi a ƙasa, a zaɓi sabuwar hanya ta gefen katanga inda tayil kaɗan za a fasa, nesa da darbejiyar da aƙalla mita biyu. Tushenta ba ya huda lafiyayyen bututu, danshi yake bi, amma in ya yi kauri yana ture shi.

Alhaji Bala Mai Famfo, Madina

Injiniya, na yarda da kai a kan sauyawa, amma kada a sa Abu Sumayya ya ɗauka PPR ba shi da kyau. Idan aka yi waldarsa daidai, mahaɗin da bututun suna zama abu ɗaya, kuma kowane shagon kayan famfo yana da kayansa, kowane sabbak, wato mai aikin famfo, yana da injinsa. Matsalar a hannun mai aiki take. Injin ya kai digiri 260 kafin a fara. Mai milimita 25 daƙiƙa 7 ake gasa shi, mai 32 daƙiƙa 8, a yi alamar zurfin shigar da fensir, wajen milimita 17 ga mai 32, a tura kai tsaye ba tare da murɗawa ba, a bar shi minti 4 ya huce. Wanda ya wuce lokaci ko ya danna da ƙarfi, narkakkiyar robar tana taruwa a ciki ta rage ramin, daga waje kuma ba a gani. Wanda bai gasa sosai ba, ko ya haɗa da ƙura ko jiƙa a baki, mahaɗin zai riƙe yau ya saki baɗi.

Inda nake ba ka gaskiya wuri biyu ne. Sandar PPR mita 4 ce, a mita 18 za a binne mahaɗi huɗu ko fiye, ban da gwiwoyi. Sannan jikinsa kauri ne da shi: PPR mai 32 na PN20 ramin cikinsa milimita 21 ne da ɗan ɗori, HDPE mai 32 kuma milimita 26. Ga gidan da ruwa ke zuwa wa kwana huɗu a mako, wannan bambancin yana nunawa a saurin cikar tanki. In dai PPR za a sa, a ɗauki mai 40. Kuma duk inda ya fito fili a lulluɓe shi, rana tana cin sa har ya yi gari-gari.

Wanda zan hana shi ne farin PVC mai siririn jiki da ake haɗawa da gam. A digiri 38 ƙarfinsa kashi 62 cikin ɗari ya rage, kuma bugun da ruwa ke yi idan ya dawo layi da iska a gabansa yana tsaga shi ta tsawo.

Ummu Khadija, Jidda

Ina so in ƙara abin da ya shafi lafiyar mutanen gida, Abu Sumayya, don ba kuɗi kaɗai ke zuba a wannan hujin ba. Ranar da ruwa ya ɗauke, bututun yana zama fanko, wani lokaci ma yana zuƙa. Ruwan da ya taru a ƙasa kewaye da hujin, da duk abin da ya kwaso, yana komawa ciki, ranar da ruwa ya dawo a tura shi tanki. Idan bututun bayan gida ko bayyara, wato ramin masai, na kusa, abin ya fi muni. A sabuwar hanyar, bututun ruwan sha ya kasance a sama da na ƙazanta, in sun gitta juna a bar aƙalla santimita 30 a tsakani, kada kuma a kwantar da su a rami ɗaya.

Bayan aiki a wanke tankin ƙasa da na sama. A kwashe lakar ƙasa, a goge bango da burushi. Ruwan bilicin wanki mara ƙamshi mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari, lita ɗaya a ruwa lita 1,000, ya isa kashe ƙwayoyin cuta. A bar shi ya kwana, a zubar, a ɗauraye kafin a tara na sha. Don Allah kada a haɗa shi da ruwan wanke bandaki mai asid, iskar da ke tashi tana kisa. Kuma kada mutum ya shiga tanki shi kaɗai: a buɗe murfi ya sha iska, a kashe wutar dinamo daga tushe, wani ya tsaya a baki.

Malam Sani Sabbak, Jidda

Hajiya ta faɗi gaskiya. Ga ragowar, Abu Sumayya, don ka san abin da za ka tsaya a kai ranar aiki.

Iyakarka daga bayan addad ne zuwa ciki. Addad ɗin, da hatiminsa, da bututun da ya taho daga titi, na kamfanin ruwa na ƙasa ne. In yoyo a can yake, rahoto ake kai musu, ba a taɓawa, kuma ba a haƙa titi ko gefensa ba tare da izinin baladiyya, wato hukumar gari, ba. In haya kake, ka nuna wa mai gidan hotunan addad ɗin kafin ka kashe ko riyal ɗaya, ku duba abin da kwantiraginku ya ce. Kada kuma wani ya ba ka shawarar ɗaura dinamo kai tsaye a layin don ya zuƙo ruwa: laifi ne, kuma shi ke jawo ƙazantar da Hajiya ta ambata.

Kayan da za a saya: HDPE mai 32 mita 22, don a samu rarar karkacewa da hawowa, mahaɗin matsewa guda biyu masu zaren inci ɗaya, ɗaya a kowane baki, mahabas na tagulla biyu, ɗaya bayan addad, ɗaya kafin awwama, raddad ɗaya, wato bawul ɗin da ke hana ruwa komawa baya, a lura da kibiyar jikinsa ta kalli tanki, yuniyon ɗaya kusa da tanki don a iya kwance awwama ba tare da yanka ba, guntun bututun inci biyu na ratsa katanga da bangon tanki, farin tef na zare. Bakunan biyu su kasance a fili ko cikin ƙaramin akwati mai murfi, kada a zuba musu siminti.

Wajen ɗaura mahaɗin matsewa, a yanke bututu daidai ba a karkace ba, a ɗan fereye bakinsa don kada ya yaga zoben robar da ke ciki, a yi alamar zurfi, a tura har ya wuce zoben ya tokare. Yawancin yoyon sabon aiki daga nan yake: bututu ya tsaya a bakin zobe, mai aiki ya ɗauka ya kai. Tef a kan zare kawai ake naɗa shi, ba a kan notin matsewa ba. Zaren roba in aka ɗaure shi da ƙarfin da ake ɗaure ƙarfe, tsagewa yake.

Kafin awwama ta hau, a saki ruwa ya gudu minti biyar zuwa waje, yashi da ɓarɓashin yanka su fita, in ba haka ba su maƙale a bakin awwama ta ƙi rufewa.

Gwajin matsi kuma kafin a rufe rami, ba bayan an shimfiɗa tayil ba. A raba bututun da addad da awwama, a cika shi da ruwa, a fitar da iska, a sa famfon gwaji na hannu a kai bar 10. Allura za ta ɗan sauka da farko saboda robar tana buɗewa, wannan ba yoyo ba ne. A riƙa ƙarawa ana mayar da ita 10 har minti 30, sannan a bar ta awa ɗaya. In saukar tana raguwa har ta tsaya, aiki ya yi. In tana sauka babu tsayawa, a goga busasshiyar takarda a kowane mahaɗi, za a ga mai jiƙa. Kada ka biya cikon kuɗin aiki sai ka ga wannan allurar da idonka, kuma ranar da ruwa ya fara zuwa ka maimaita gwajin addad na minti 30.

Usman Mai Lantarki, Makka

Ƙari ɗaya daga ɓangarenmu, Baba Abu Sumayya. A tsofaffin gidaje da yawa wayar as, wadda ke kai wuta ƙasa in wani abu ya lalace, a jikin bututun ƙarfen ruwa aka ɗaure ta. Ranar da aka yanke ƙarfen aka sa roba, gidan ya rasa wannan kariyar ba tare da kowa ya sani ba, dinamo ko hita in suka samu matsala jikin famfo ne zai ɗauki wuta. Kafin a yanka a bi bututun a duba ko akwai waya mai kore da rawaya, ko tsirarar wayar tagulla, a maƙale da shi. In akwai, a kashe wutar gidan kafin a raba ƙarfen, a kira mai lantarki ya kafa sandar as ta daban ya auna ta. Sannan kafin diga ta sauka a gano ta inda kebul ɗin da ya shigo daga mitar wuta ya bi, domin a gidaje da yawa shi da bututun ruwa ta kusurwa ɗaya suke shigowa. Tsawon mita ɗaya na farko daga katanga da shebur za a haƙa shi, a hankali.